Ranar da Inna Ta Wanke Darasi

Duk wanda ya san ni a tsohon garin Agadas ya san ni da baki. Ni ne Sule tela, keken ɗinkina na zauren gidanmu, kuma in aka zauna fada ana shayi, nakan ja magana tun daga kofin farko har na uku ba wanda ya samu kafar sa baki. Amma in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Nawa sa gudun ita ce Inna Tabawa, uwar matata. Shekara tara da aurena ban taɓa haɗa ido da ita ba, kuma in aka cire gaisuwa, duk maganar da na taɓa yi mata ba za ta cika cokali ba.

Matata Ramata malamar kimiyya ce a lise, wato babbar sakandare. Bara da babban hutu aka zaɓe ta cikin wani shiri da ke ɗaukar malaman makaranta a kai su ɗakin binciken wata jami'a a ƙetare, su yi sati shida suna aiki tare da masana. Fannin da ta shiga sunansa nano. Da ta dawo na tambaye ta mene ne shi, ta ce in tsinko gashi ɗaya daga gemuna in tsaga shi gida dubu tamanin, to kashi ɗaya daga ciki shi ne ma'aunin da suke aiki da shi. Na ce mata gemun nawa kaf bai kai gashi tamanin ba, ta nemi wani.

Shirin yana da sharaɗi. Duk malamin da ya je sai ya dawo ya tsara darasi guda daga abin da ya gano can, da kayan da za a iya samu a kowane gari, sa'an nan ya koyar da shi a aji gaban mai binciken da ta horar da shi da kuma ansfektan makarantu. In darasin ya ci, a buga shi cikin littafin da za a raba wa makarantun jihar da sunan mai shi. In ya faɗi, shi ke nan, sai dai hotunan tafiya. Ramata ta shafe wata bakwai tana gwada wannan tana yar da wancan, har na fara tsoron buɗe kowane kwano a gidan.

Daga ƙarshe ta tsaya a kan baƙin hayaƙi. Za a kunna buji, wato kyandir, a riƙe murfin langa bisa harshen wutar har cikinsa ya yi baƙi ƙirin. In aka ɗiga masa ruwa, ɗigon sai ya dunƙule ya gangara, murfin ko danshi bai yi ba. In kuma aka tsoma shi cikin robar ruwa, baƙin sai ya rikiɗe ya yi ta ƙyalli kamar azurfar maƙeran unguwarmu. Ta ce ƙwayoyin baƙin ƙanana ne ƙwarai, sun hau kan juna sun riƙe iska a tsakaninsu, shi ya sa ruwa ba ya samun wurin zama. Ɗalibanta arba'in da takwas ne, kowane biyu murfi ɗaya. Yamma huɗu ta yi tana gasa murafai ashirin da huɗu, ta jera su cikin kwali da karare a tsakani, don ko yatsa ya taɓa baƙin ya goge.

An sa ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya. Mai binciken, Dakta Kadidia, 'yar ƙasarmu ce da ke aiki can jami'ar, kuma bayan darasi a gidanmu za ta ci abincin rana. Shi ya sa ranar Laraba da la'asar Inna ta iso daga garinsu Cirozerin don ta kama girki.

Sai na gaya muku wace ce Inna. Marigayi mijinta ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a mahaƙar gawayin Anu Araren, ita kuma ta yi shekara ashirin da biyu tana yaƙi da baƙin da yake kwasowa gida. Mace ce da in ta ga tabo a gindin tukunyar maƙwabciya sai hannunta ya riƙa ƙaiƙayi. Langunan nan kuwa ita ta saya wa Ramata ɗaya bayan ɗaya don kayan ɗaki. Ramata ta san haka sarai, don haka ba ta ce mata komai ba, ta dai tura kwalin can ƙuryar ɗakin ajiya ta rufe shi da tsohuwar tabarma. Ɗiyarta ce amma ba ta gama saninta ba.

Da safiyar Alhamis Ramata ta fita tun ƙarfe bakwai don tarbar baƙi. A bakin zaure ta tsaya ta ce, "Goma da rabi ka kawo mini kwalin bisa moto. A hankali, don Allah, kada ka bi ta ramukka. Aiki guda ke nan na ba ka."

Na ce, "Madam, mutumin da ke zura zare cikin allura kike gaya ma hankali?"

Wajen takwas da rabi ina kan keke na ji wani sauti daga tsakar gida, sautin yashi a kan ƙarfe. Na tashi da sauri. Na leƙa. Ga Inna zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ga kwalin a buɗe, ga toka da yashi da soso. Murafai uku sun riga sun koma fari tas, an jingine su da bango suna shan rana.

Na yi tari. Ba ta ɗago ba. Na cire takalmi na matsa, na durƙusa daga nesa ina kallon ƙasa.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa."

"Da an bar su, Inna, kada a gaji."

Ta ɗauki murfi na huɗu. Da shi take magana, don ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye. "Gajiya ba ta kashe mutum, kunya ke kashewa. Baƙuwa ta taso tun daga ƙetare, ta buɗe ɗaki ta ga wagga ƙazanta? A ce ɗiyar wa ce?"

Maganar tana nan a bakina, ba ta fi kalma biyar ba. Amma in na faɗe ta, na ce wa surukata ta yi kuskure ke nan, a gidana, ido da ido. Harshena ya ƙi. Na koma zaure na kira salular Ramata, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na dawo na tsaya bayan ƙofa ina lissafin murafan da take wankewa da yatsu, bakwai, takwas. Can Inna ta girgiza kwanon yashin ta ce wa iska, "Yashin nan ma ya ƙare."

Allah ya yafe mini. Na ɗauki kwanon na fita lungu na ɗebo mata yashi. Har tsakuwar ciki na tsince.

Ina ajiye shi sai na tuna da Indo, maƙwabciyarmu mai fura. Sa'ar Inna ce, kuma ba wanda bakinta ke jin nauyinsa. Na buga ƙofarta aka ce ta tafi sayen nono. Na bi ta da gudu har bakin kasuwa, na yi mata bayani ina haki, ta dawo tana tafiyar da ta saba, kamar mai raka amarya. Da muka shigo gida tara da rabi ta yi. Murafai uku kaɗai suka rage da baƙinsu.

Indo ta riƙe hannun Inna. "Tabawa, dakata haka nan. Wanga baƙi ba ƙazanta ba ne, aikin lekwal ne, na makaranta. Shi ne abin da ɗiyarki za ta nuna ma manya yau."

Inna ta dubi Indo, ta dubi jerin murafan da ke ƙyalli a jikin bango. Tsakanina da ita bai fi taku uku ba, amma ba ta kama sunana, sai dai na ɗiyarmu Nafisa. Ta ce, "Indo, tambayi uban Nafisa, tun yaushe ya ga ina wankewa?"

Na ce wa Indo, "Tun na uku."

"Tambaye shi, wa ya kawo mini yashi?"

Indo ba ta tambaya ba. Dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan turmi.

Don in fita daga wannan hali na ɗauko ɗaya daga cikin ukun, na ɗiga masa ruwa daga buta yadda na ga Ramata na yi. Ɗigon ya dunƙule ya yi ta yawo cikin murfin. Na ɗauka Inna za ta yi salati. Sai ta taɓe baki.

"Baƙin buji ne, ɗan'uwan na kananzir. Shi ne mugun. Ruwa ba ya kama shi, sai an share shi da busasshen tsumma tukuna. Na itace yana da danƙo, shi yana shan ruwa. Na gawayin Anu Araren kuwa ƙura ce, kakkaɓewa ake yi. Don wanga aka hau jirgi da ita?"

Ta tsaya tana jujjuya sosan da ke hannunta, sai na ga fuskarta ta sauya. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta rasa abin faɗa ba, kuma wallahi tausayinta ya fi kama ni a kan tsoron abin da Ramata za ta yi mini.

A hankali ta ce, "Indo, kwana nawa ta yi tana yin su?"

"Yamma huɗu," na ce.

"In ba a kai su ba fa?"

"Darasin ya faɗi. Wahalar shekara ta tafi ke nan."

Ta ajiye soso ta miƙe. "Yamma huɗu, da buji. Ita dai ba ta taɓa iya hura wuta ba. Indo, kina da kananzir? Ce masa ya kawo gwangwanayen tumatir huɗu da ƙusa, da ƙyallayen ɗinkinsa, na auduga, ba na leda ba."

Kafin a ce kwabo ta huda murafan gwangwanayen, ta murɗa ƙyallaye ta yi lagwani, ta ja kowanne ya yi tsawo yadda ba mai hankalin da zai ja shi. Fitilu huɗu suka kama suna tuƙa hayaƙi baƙi wuluk. Ita biyu, murfi a kowane hannu, ni ɗaya, Indo ɗaya. Tana juya nata a hankali, ba ta bari harshen wuta ya zauna wuri guda, tana kuma yi wa Indo faɗan da ni ake nufi: a ɗaga kaɗan, an cika matsawa, wancan gefen bai ci ba. Matar da ta ƙare rayuwarta tana kankare baƙi, ga ta tana shafa shi lallausa kamar kwalli, tana yi tana tsaki. Goma da rabi ta ɗan gota muka gama na ashirin da ɗaya. Ta ɗiga wa ɗaya ruwa, ya gangara.

Na tura moto, wato babur ɗina, bakin ƙofa. Inna ta ce, "Indo, gaya masa baƙin kananzir bai da riƙo. Rami ɗaya zai faɗa ya zube." Ita kuma ba za ta hau bayana ta riƙe kwalin ba, wannan ko a mafarki. Sai ta naɗe gyalenta ta yi gammo, Indo ta aza mata kwalin, ta ce Indo ta kula da tukunya, ta fita.

Haka muka ratsa lungunan tsohon gari. Tsohuwa a gaba, wuyanta a miƙe, kwalin ko motsi ba ya yi, fuskarta da hannayenta duk baƙi. Ni a baya, taku goma tsakani, ina tura moto mai lafiya cike da mai. Abokan fadarmu na zaune ƙofar maƙera suka gan ni. Wani ya ɗaga murya, "Tela, moton ma kunyar Inna yake ji?" Na bar su da Allah.

Sha ɗaya da minti goma muka shiga lise. Ta taga na hango Ramata gaban allo. Ta zana gashi ta tsaga shi, ta goge, ta sake zanawa, da alama karo na uku ke nan. A bayan aji ga Dakta Kadidia da tabarau, ga ansfekta yana duban agogo. Da Ramata ta ga wanda ya shigo da kwalin, alli ya faɗi daga hannunta. Amma ta daure. Ta sauke wa uwarta kayan, ɗalibai suka ba Inna benci, ni na maƙale a bakin ƙofa.

Aka raba murafai da kofunan ruwa. Ɗigon farko da ya gangara, wata yarinya ta saki ihu. Daga nan ajin ya kaure. Ana tseren ɗigo, ana haɗa biyu su zama ɗaya, aka tsoma murfi cikin roba ya fito da ƙyallin azurfa, wani ɗalibi ya rantse an canza shi. Ramata ta bar su suka yi ta gardama, sa'an nan ta ja su da tambayoyi har su da kansu suka kai ga zancen iska da ƙananan ƙwayoyi. Ban taɓa ganin ta tana koyarwa ba sai ranar. Na ji daɗi har na manta ina cikin matsala.

Da aka sallami ɗalibai, Dakta Kadidia ta ɗauki murfi ɗaya ta kai hanci. "Ramata, wanga warin kananzir ne."

Ansfekta ya buɗe takardar darasin. "Bon. Nan an rubuta buji. Madam, ba ni iya sa hannu kan takardar da ta ce abu guda, aji ya ga wani. Mi ya faru?"

Ramata ba ta sani ba. Ta sunsuna murfin, ta dubi hannayen uwarta, sa'an nan ta dube ni, duk suka juyo suka dube ni. In na faɗi gaskiya na tona surukata gaban manyan baƙi. In na yi shiru darasin ya tafi.

Na ce, "Ranka shi daɗe, laifina ne. Na gan su da datti da safe na wanke su da yashi. Shi ne muka sake yi da abin da ya samu."

Ansfekta ya dube ni daga hula har takalmi. Dakta Kadidia ta rufe baki da hannu.

"Ƙarya yake yi," in ji Inna daga kan benci. "Wanga ko kofin shayinsa bai taɓa wankewa ba. Ni ce na wanke, ni ce na mayar. Yarinyar ba ta da laifi, nata uku na nan cikinsu, ku duba masu ƙarancin baƙi."

Dakta Kadidia ta nemo ukun, ta jera su kusa da na Inna, ta ɗiga wa kowanne ruwa. Ta zauna gefen Inna a kan bencin ta ce a gaya mata yadda aka yi fitilun. Inna ta zayyana mata, har da tsawon lagwani, har da dalilin da ya sa baƙin itace ba zai yi ba. Dakta na rubutawa. Da ta gama ta ce wa ansfekta, abin da ya ci yamma huɗu an yi shi cikin awa guda da gwangwani, malamin ƙauye wanne zai zaɓa? A gyara takardar a sa hanyoyin biyu, a sa ɗalibai su gwada na itace su ga ya jiƙe, su nemi dalili.

Ansfekta ya yi ɗan tunani, ya ce muddin za a rubuta cewa a waje za a kunna fitilun, kuma malami ne zai kunna. Inna ta ce a ƙara cewa in an gama, kowa ya wanke murfin uwarsa kafin ya mayar. Ya ɗago ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, ya rubuta. Sa'an nan ya sa hannu.

Ramata ta durƙusa gaban uwarta ta kama hannayen nan baƙaƙe, hawaye na zuba. Inna ta zare hannunta. "Tashi, za ki ɓata zane. Ga baƙi na jiran abinci, na bar tukunya hannun Indo, Allah kaɗai ya san abin da ta zuba."

Ramata za ta taho da baƙin cikin mota, Inna kuwa ta ce ba ta shiga motar mutane da wannan baƙi. Muka kamo hanya yadda muka zo, ita a gaba, ni da moto a baya. Mun wuce kasuwa sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Uban Nafisa."

Na waiga ina neman wanda take aike. Ba kowa a lungun, ni da ita ne.

"Na'am, Inna."

"Ƙaryar da ka yi, Allah shi yi maka albarka. Amma nan gaba in ka ga ina ɓarna, ka buɗe baki. Yau saura kaɗan kunyarka ta kashe mini ɗiya."

"To, Inna."

Ta ci gaba da tafiya. A mararrabar gaba ta karya hagu, ta shiga lungun da ba ya ɓullewa ko'ina sai bayan garkar wani mai raƙuma. Na bi ta taku ashirin. Na tsayar da moto.

"Inna... ba nan ce hanya ba."

Ta tsaya cak. Ta juyo ta wuce ta gefena, tana gyara gyale.

"Ka gani? Ba ka mutu ba."